Daga Hayin Dogo zuwa Shika a ƙafa

Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya nufi Ƙauran Namoda har yau yana nan kwance inda aka shimfiɗa shi. Ya ratsa Samaru da Shika, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, tafiyar fiye da kilomita 200, kuma tun 1929 ya kai ƙarshen zangonsa. Jirgin ne dai babu. Yaran da ke tsalle-tsalle a kan ƙarfen nan yau ba wanda ke daka musu tsawa ya ce su sauka ga jirgi nan tafe, alhali mu da wannan tsawar aka yaye mu.

A Hayin Dogo na tashi, nan Samaru, a hannun ƙanen mahaifiyata. Kawu ma'aikacin reluwe ne tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa zama a ofis ba. Da lebura ya fara, cikin ayarin masu gyaran layi, daga baya aka ba shi aikin da ya fi dacewa da halinsa, wato duba layi a ƙafa. Da an idar da sallar asuba sai ya saɓa doguwar gudumarsa, ya rataya jakar da ke ɗauke da sifana da tutoci biyu, ja da kore, ya hau dogo. Yana da yankin da aka yanka masa. Ya bi ƙarfen dama a tafiya, ya bi na hagu a dawowa, ko ana rana ko ana ruwa, ko azumi ko salla. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa.

Da hunturun da ya wuce biki ya kai ni Zariya, sai na ware safiya guda na ce zan bi sawunsa daga Samaru zuwa Shika. 'Yan'uwa suka yi ta mamaki: ga mota, ga mashin, me zai kai mutum taka tsakuwa? Ƙanwata ce kaɗai ba ta tambayi dalili ba, don ita ma a gidan ta girma. Kunne kawai ta ja mini.

"Yaya, don Allah kada ka wuce Shika. Ka san halin da gaba take ciki."

Ta yi gaskiya. Ƙasar Giwa da abin da ya yi gaba sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, hanyar da a da yaro zai bi shi kaɗai ta zama sai da shawara. Na yi mata alkawari, na kuwa cika.

A cikin gari layin ya zama na kowa. Mai tumatir ta jera kwandunanta a kan ƙarfe, mai gwanjo ya baza riguna, tumaki sun kwanta suna tuƙa, masu mashin suna tsallakawa ta duk inda suka ga ƙasa ta cike. Ban ga laifin kowa ba, wuri in an bar shi ba ya zama haka nan. Amma a wurare da dama sai da na tsaya na laluba da ƙafa kafin in gane inda ƙarfen yake, don bola da turɓaya sun haɗiye shi. Sai da na bar gidaje a baya, karan dawa ya fara bayyana hagu da dama, sannan dogon ya ɗago kansa ya koma yadda na san shi: ƙarafa biyu, tsakaninsu ƙafa uku da inci shida, sun miƙe har inda hazo ya yanke gani.

Ƙafata ce ta fara tuno mini da Kawu. Ƙarafan gicciye da layin ke kwance a kai ba a jera su don jin daɗin mai tafiya ba. In ka taka kowanne, takunka ya yi gajere. In ka tsallake ɗaya, ya yi maka nisa. Kawu kowanne yake takawa, kuma shekarun da ya yi yana haka sun sauya masa tafiya ɗungurungum. Ko masallaci za shi, da gajeren taku mai sauri yake tafiya, kansa a sunkuye, idonsa na share ƙasa. Daga nesa ake gane shi. Mutanen unguwa suna ɗauka tsabar kunya ce da tawali'u, to akwai wannan, amma rabi aikin dogo ne.

Ranar da babu makaranta yakan yarda in bi shi, da sharaɗin ban da surutu, don da kunne yake rabin aikinsa. Kowane ƙarfen gicciye yana da maƙalai da suka danne layin, kowace mahaɗa tana da faranti biyu na ƙarfe da aka ɗaure da manyan notuna. Sai ya ɗan buga da guduma ya saurara. Wani ya ba da sauti garau, ya wuce. Wani ya yi amo a dishe, sai ya tsaya.

"Zo nan, ɗana. Ka ji wannan? Ƙarya yake yi. A ido ya ɗauru, amma ya saki."

Sai ya durƙusa ya sa sifana, ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe, ya sake bugawa, sai ya ji amon da yake so sannan ya tashi. Shi ya nuna mini 'yar tazarar da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wadda ita ce ke sa jirgi wannan ƙarar ta ƙaƙas-ƙaƙas da matafiya ke barci da ita. Ya ce ƙarfe yana miƙewa da rana, ya takure da dare, in ba a bar masa wurin miƙewa ba, zafin bazara na zuwa zai lanƙwashe, kuma layin da ya lanƙwashe jirgi yake kayarwa. Shi ya gaya mini dalilin da ya sa aka fi amfani da gicciyen ƙarfe maimakon katako a ƙasarmu: gara ba ta raga wa itace. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi, amma ya san kowace mahaɗa a yankinsa da halinta, wadda ke saki da damina da wadda ke cijewa da sanyi.

A tafiyar nan tawa, ba tare da na yi niyya ba, sai na tsinci kaina ina duba mahaɗun. Wata noti biyu suka rage mata, wata ko ɗaya babu, farantin ma an kwance an tafi da shi. Akwai inda aka zare gicciye da yawa a jere, layin ya rage a sagale, ciyawa ta fito ta ƙasansa. Wannan aikin ɓarayin ƙarfe ne da ke kai wa masu awon gwangwan, kuma ba a nan kaɗai ba, kusan ko'ina a ƙasar nan an sha kama motoci maƙare da ƙarafan dogo. Na tsaya a kan wata mahaɗa da ta wage baki har hannuna zai shiga, na ji ƙirjina ya yi nauyi. Noti guda da ya saki yakan hana Kawu cin tuwon dare da daɗi.

Damina ce lokacin da ba ma ganin barcinsa. In aka yi ruwa mai ƙarfi cikin watan Agusta, ko tsakar dare ne, sai ya tashi ya kunna fitilar ƙwai ya lulluɓa da buhu ya fita. Kwalbatoci yake tsoro. In ɗaya ta toshe, ruwa ya taru ya bi ta saman layi, sai ya kwashe tsakuwa da ƙasar da ke ƙarƙashi, ya bar ƙarfe yana reto a iska, direba kuwa daga nesa ba zai ga komai ba sai layi lafiya lau. Don irin wannan ranar akwai wata 'yar nakiya a jakarsa, kamar gwangwanin man shafawa, mai hannuwa biyu da ake lanƙwasawa a kan ƙarfe. In ya ga ɓarna, sai ya ruga gaba da nisa ta inda jirgi zai fito, ya ɗaura ta, ya tsaya da jan ƙyalle ko jar fitila. Ƙafar jirgi na taka ta sai ta fashe da ƙara, direba ya san akwai haɗari, ya ja birki. Kawu ya taɓa tsayar da jirgin fasinja ta haka. Da na tambaye shi ko mutanen ciki sun fito sun gode masa, sai ya ce:

"Ina suka sani? Barci suke yi. Ai da sun sani, da aikin bai yi kyau ba."

Wani abin da ba na mantawa shi ne zuwan sufeto. A kan turoli yake zuwa, yana zaune bisa benci da laima da littafinsa, mutane biyu a baya suna tura shi da gudu, kowanne ƙafarsa a kan siririn ƙarfen layi, ba sa zamewa. In sun sami gangara sai su ɗane su huta. In jirgi ya taho, kafin ka ce kwabo sun cicciɓe turolin sun aje gefe. Mu yara mun sha gwada gudu a kan ƙarfen nan, mun sha barin fatar gwiwa a tsakuwa.

Na san ba don son mu aka shimfiɗa wannan layi ba, kuma ban taɓa yaudarar kaina a kan haka ba. Dogon farko da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma da ƙarfin talakawa aka yi shi, waɗanda hakimai da dagatai suka tattaro bisa umarnin Turawa, ko suna so ko ba sa so. Kakanninmu aikin diga suke ce masa, kuma ba da fara'a suke faɗa ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda a zamaninsa aka yi aikin, har waƙa ya rubuta a kai, Waƙar Diga. Reshen Ƙauran Namoda kuwa auduga da gyaɗa aka bi. Masaƙun Ingila na son auduga, ƙasar Funtuwa da Gusau kuwa ƙasar auduga ce, shi ya sa kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau, a cire angurya, a ɗaure diloli, a loda a tarago sai bakin teku. Ko gonar gwaji ta Samaru da aka buɗe a 1922, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, da gonar dabbobi ta Shika da ta biyo baya a 1928, duk a jikin wannan layin suke. Hanya ce ta fitar da arziki.

Amma kowa ya san mai gina rijiya ba shi kaɗai ke sha ba. Jirgin da aka kawo don diloli shi ya ɗauki amare zuwa gidajen mazajensu, ya ɗauki almajirai zuwa Zariya neman karatu, ya kawo goro da gishiri da kananzir har ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba. Shi ne agogon unguwarmu. Inna ba ta buƙatar kowa ya gaya mata lokacin ɗora sanwa, kukan jirgi ya ishe ta. Na riski ƙarshen zamanin jirgin kwal, wanda ake kawo masa makamashi tun daga Inugu, mai baƙin hayaƙi da ke bar wa wanki tabo in iska ta juyo. Kafin in yi wayo sosai masu shan dizal sun karɓe layin. Mukan kwanta mu kafa kunne a kan ƙarfe mu ji tahowarsa tun ba a ganin komai. Mukan ɗora ƙusa a kan layi, jirgi ya taka ta ta zama fale-fale, mu wasa ta a dutse mu yi mata ƙota. Wannan a ɓoye muke yi, don in Kawu ya gani ranar sai kunne ya yi zafi; a wurinsa ko tsinke ba a ɗora wa dogo.

Na tuna wata tafiya da muka yi da Inna zuwa Gusau zumunci. Benci na katako, tagogi a buɗe, tarago cike da mutane da kaji da buhuna. Ba a yi nisa ba kowa ya san inda kowa za shi da abin da zai kai shi. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta ɗauke ni ta ɗora a cinya don Inna ta sami wurin miƙe ƙafa, wani dattijo Bazamfare ya kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ya zagaya da shi. A Funtuwa 'yan talla suka yanyame tagogi da rake da dafaffen ƙwai da fura, ana miƙo kaya ana miƙa kuɗi har jirgi ya fara motsi suna binsa da gudu da canji a hannu. A nan na fara ganin yadda ake miƙa wa direba wani zobe mai ɗauke da alamar izini. Tun da layi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke, babu direban da zai shiga tsakanin tasha da tasha sai alamar nan tana hannunsa. Aikin reluwe haka yake, kowa na riƙe da amanar wanda bai taɓa gani ba. Shi ya sa ma'aikatansa suka zama tamkar dangi: abokan Kawu akwai Nufawa, akwai Yarabawa, akwai Tibi da Ibo, suna zuwa suna a gidanmu, mu je Sabon Gari mu ci shinkafar Kirsimeti.

In ana maganar abin da ya kashe jirgin nan, dalilan a bayyane suke. Farin farkon shekarun 1970 ya karya manoma, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta zama labari. Kuɗin man fetur ya shigo, aka shimfiɗa kwalta, tireloli suka kwashe kayan da jirgi ke ɗauka. A 1979 gwamnati ta ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe harkar na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, auduga ta rasa mai tsaya mata. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni da na tashi a gidan mai duba layi, ta ƙasa na ga mutuwar. Ayarin leburori ya yi ta raguwa, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, yankin da mutum ɗaya ke dubawa ya yi tsawon da ƙafa ba za ta iya ba. Noti ya saki ba mai ɗaurewa, sai a ce direba ya rage gudu a wurin. Wuraren rage gudu suka yi yawa, tafiyar yini ta koma kwana, fasinja ya gaji ya koma tashar mota. Da fasinja ya tafi kuɗi suka tafi, aka ƙara rage ma'aikata. Kafin injin ya tsaya, sawun mutane ne ya fara ɗaukewa daga kan layin.

Kuma layi yana iya ɓacewa ƙurmus, mutanen Zariya sun ga haka. Akwai wani siririn dogo da ya tashi daga nan ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafansa. Tsofaffin abokan Kawu da suka yi aiki a kansa sukan ba mu labarinsa, mu muna jin abin kamar tatsuniya. Yau in ka tambayi matashi a Soba ko jirgi ya taɓa bi ta garinsu, da wuya ya ce maka i.

Na yi murna da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na shige shi, na ji daɗinsa. Ina kuma fatan ganin ranar da na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai fara jigila. Amma duk lokacin da na ji ana lissafin biliyoyin da aka kashe da saurin da jirgi zai yi, kunnena na jiran a ambaci mutum nawa aka ɗauka su riƙa bin layin a ƙafa kowace safiya, nawa za a biya su, kuma wa zai koya musu bambance amon ƙarfe. Masu wannan ilmin saura kaɗan, kuma ba a littafi yake ba.

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da na doshi Shika. Turakun wayar tangarahu da ke bin layin a da, wasu na tsaye ba waya, wasu sun kwanta. Gonaki sun matso sosai, wasu har gindin tsakuwa. Sai na iso wata gona da ta bambanta da maƙwabtanta: mai ita ya bar fili mai faɗi tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da layin, bai taɓa shi da fartanya ba. Yana nan kuwa, dattijo ne, yana ɗaure kara.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Yawwa, sannu kadai. Daga ina haka a ƙasa?"

Na ce daga Samaru. Ya aje igiyar hannunsa ya dube ni da kyau, ya dubi takalmina da suka yi buɗu-buɗu.

"Ko kai ma'aikacinsu ne?"

"A'a, Baba. Ɗan ma'aikacinsu ne dai."

Na tambaye shi dalilin da ya sa ya bar wannan fili alhali kowa ya nome nasa. Ya ce mahaifinsa ne ya nuna masa iyaka tun yana yaro, ya ce daga nan zuwa can na reluwe ne, kuma shi bai ji an ce sun sayar ba. Ya ce ya san masu duba layi na da, sukan tsaya a gonar nan su sha ruwa, mahaifinsa ya yanko musu takanɗa. Na kwatanta masa Kawu, gajeren taku da sunkuyar da kai. Ya yi shiru yana tunani, ya ce kamar ya gane shi, amma ba zai rantse ba, an daɗe.

Da zan wuce sai ya ce, tun da ina da alaƙa da su, akwai abin da yake so in gani. Ya ja ni 'yar tafiya kaɗan zuwa wata kwalbati. Ya ce shekara da shekaru ke nan ta toshe, duk damina ruwa sai ya taru ya kwanta masa a gona ya kashe masa shuka, yana kuma cin gindin layin a hankali. Ya so ya tara yaransa su yashe, amma yana tsoron a ce ya taɓa kayan gwamnati.

"In ka san wanda ake gaya wa, ɗana, ka gaya masa."

Na sauka na leƙa. Ginin dutsen yana nan daram, ko tsagewa bai yi ba. Yashi ne da kara da ledoji suka cushe bakin, sai wata 'yar bishiya da ta tsiro a tsakiya. Aikin mutum huɗu ne da shebur da gatari, yini guda.